Bututu Ya Yi Tsatsa: Laifin Wane Ne?

Ya ku 'yan makaranta, ga wata shari'a mun kawo muku, ku taya mu dubawa. Duk wanda ya ratsa ƙauyukan ƙasar Dambatta ko Bichi ko Kunchi, inda gona ke manne da gona, ya san famfon tuƙa-tuƙa. Tun shekarun 1980, sa'ad da hukumar KNARDA ta yi ta haƙa rijiyoyin burtsatse, ya zama ɗan gari. Ya kan faru a kafa sabo, ba a jima ba sai ruwan safe ya riƙa fitowa ja, yana ƙarnin ƙarfe, yana ɓata farin tufafi. Daga baya bututun da ke cikin rijiyar ya huje, a yi ta bugu ruwa ba ya hawowa. Mata da yara su koma kududdufi, inda ciwon ciki ke jiransu.

Sai gardama ta tashi a ƙofar dagaci. Jama'a su ce ɗan kwangila ya ci amana. Shi kuwa ya rantse ɗan kasuwa ne ya sayar masa da jabu. Ɗan kasuwa ya ce ruwan garin ne ke cin ƙarfe.

Abin mamaki, kowannensu yana iya zama da gaskiya. Bututun famfo irin India Mark II ƙarfe ne da aka shafe da tutiya don ta tsare tsatsa. In maƙera suka yi rowar tutiya, ko suka rage kauri, ido ba ya ganewa a kasuwa. Amma fa akwai ruwa mai tsami wanda ko bututu na kirki ba ya ƙyalewa. Saboda haka bai halatta a kira mutum macuci ba sai an zaro bututun, an auna kaurinsa, an kuma gwada ruwan.

To, tsamin ruwa ya wanke kowa ke nan? Mu dai ba mu yarda ba. A 1994 Bankin Duniya ya buga binciken Otto Langenegger a kan rijiyoyin Afirka, wanda ya nuna in ma'aunin tsamin ruwa, watau pH, ya gaza 6.5, ƙarfe mai tutiya bai dace ba. Sai dai a sa na roba, irin na famfon Afridev, ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Gwajin kuwa a bakin rijiya a ke yinsa, ba ya cin lokaci. Wanda ya zura ƙarfe a 1982 ana iya yi masa uzuri da rashin sani. Wanda ya zura bana bai gwada ba, shi ya zaɓi kada ya sani, gama sanin zai rage masa riba. Ba mu ga bambancinsa da mai jabu ba, sai dai shi ba ya bukatar yin ƙarya.

Mu ma ba mu fita ba. Ranar ciniki mun matsa a rage kuɗi har muka galabaitar da ɗan kwangila, amma ko mutum ɗaya cikinmu bai tambaye shi ko ya gwada ruwan ba.