"Ba Ni Da Lokaci": Gaskiya Ce Ko Uzuri?

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tsakaninmu. In ka tambayi mutum yaushe rabonsa da karanta littafin da ba na jarrabawa ba, sai ya ce maka ba shi da lokaci. To, ya kamata mu ɗora wannan magana a kan sikeli.

Da farko dai, lokaci ne kaɗai dukiyar da aka raba wa kowa daidai. Sarki da talaka, shehun malami da ɗan aji ɗaya, kowa awa 24 yake samu a kwana, watau minti 1,440. Ba a aronsa, ba a kuma ajiye shi a banki. Ashe ke nan wanda ya ce ba shi da lokaci, abin da yake nufi shi ne ya riga ya ba wani abu lokacin. Don haka in kana son sanin abin da mutum ya ɗauka da daraja, ka duba yadda yake cinye wuninsa.

Dubi magabata. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yana ɗauke da nauyin mulki ya rubuta tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ga aure ga 'ya'ya, amma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma shirya 'Yan Taru don karantar da matan karkara. Alhaji Abubakar Imam kuwa cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya a 1936. Babu wanda aka ƙara wa ko minti ɗaya a cikinsu.

Mu yi ɗan lissafi. Wanda ya lazimci karanta shafi 10 kullum, a shekara ya karanta shafi 3,650, watau kimanin littafi 12 masu shafi 300. Kafin ya gama shekara huɗu a jami'a ya kusa littafi 50. Shafi goman nan kuwa ba zai ci rabin lokacin da wayar hannu take ci tsakanin magariba da lisha ba.

Wani zai ce, to, sai mu bar hira da ziyara mu rungumi takarda? Ko kusa. Zumunci a ƙafa yake, kuma awar da aka yi wajen gaida marar lafiya ko sauraron tsoho ba ta tafi a banza ba. Lokacin da ya salwanta shi ne wanda ya wuce ba da zaɓinka ba, ka waiwaya ka kasa faɗin abin da ka yi da shi. Hutun da aka yi niyya ma aiki ne.

Haɗarin da ke gabanmu shi ne mu fita da takardar digiri alhali ba mu taɓa karanta wani abu don kanmu ba. Irin wannan mutum gobe shi zai zama alƙali ko malami ko hakimi, ya riƙa yanke hukunci a kan jama'a da ɗan abin da ya haddace don jarrabawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda bai saba da littafi a makaranta ba, da wuya ya saba da shi a ofis.

Allah ya sa wa lokacinmu albarka, amin.