Shin Ya Halatta Mashayi Ya Faɗi Laifinsa A Gaban Ƴan'uwansa Don Neman Magani?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, haramcin giya abu ne sananne, babu saɓani a cikinsa. Tambayarmu a yau ta shafi wanda ya riga ya faɗa, ya yi nadama, ya tuba sau da yawa, amma ƙishirwar kwalba tana mai da shi baya. In an ce masa ya zauna da masu irin lalurarsa su taimaki juna, sai ya ce addini ya umarce shi ya rufa wa kansa asiri. To, ina gaskiya take?

Lalle ne hadisi ya inganta a cikin Sahihul Bukhari cewa masu bayyana saɓo suna cikin babban haɗari, kamar mutumin da Allah ya rufa masa asiri da dare, gari ya waye yana ba da labari. Abin da aka zarga a nan shi ne alfahari da saɓo da raina shi. Amma akwai wani mutum da ya sadu da iyalinsa da rana cikin Ramadan, ya zo wajen Manzon Allah (SAW) a ruɗe ya faɗi abin da ya aikata. Annabi bai tsawata masa a kan faɗin ba, sai ya nuna masa kaffara. Imam Nawawi ma ya lissafa wurare 6 da ambaton aibin wani yake halatta, daga cikinsu akwai neman fatawa da neman taimako wajen kawar da mummunan aiki. In hakan ya halatta game da aibin wani, to na mutum kansa ya fi cancanta, matuƙar niyyarsa magani ce.

Mu duba kuma yadda Allah ya yaye sahabbai daga giya. A Suratul Baƙara aya ta 219 an bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. A Suratun Nisa'i aya ta 43 aka hana kusantar salla cikin maye. Sannan a Suratul Ma'ida aya ta 90 haramci ya sauka gaba ɗaya. Sun bar ta a tare, kowa yana ƙarfafa ɗan'uwansa. Haka kuma wani sahabi da aka sha yi wa haddi saboda sha, da wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ashe mashayi bai fita daga cikin jama'a ba.

A shekarar 1935, a garin Akron na ƙasar Amurka, mashaya biyu suka gano cewa zantawa da juna tana taimakonsu su kame. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, wadda ginshiƙinta ɓoye sunan mahalarta. A 1989 musulmi a birnin Baltimore suka kafa Millati Islami, suka gina wannan tsari bisa tauhidi da tuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019. Wannan cuta ba ta wasa ba ce.

Ina mai lalura zai fara? Ya fara da likita. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke lokaci guda, jikinsa yakan yi makyarkyata, wani ya yi farfaɗiya ko ruɗewar hankali cikin kwana 2 zuwa 3, har ta kai ga rasa rai. Don haka ya je CSI ta unguwarsu ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibiti, ya kuma tambaye su ko sun san wani zama na masu murmurewa. Sannan ya keɓe da limami amintacce. In babu irin wannan zama a garinsu, mutum uku ko huɗu sun isa su fara. Matasanmu sun san fada da tukunyar shayi. Abin da ake buƙata fada ce wadda ta ƙulla alkawarin kamewa.

Sharuɗɗanta su ne: rana da sa'a tsayayyu kowane mako, abin da aka faɗa amana ne, ba ya fita ko ga iyali, ba a siffanta daɗin sha, sai dai abin da ya jawo faɗuwa da hanyar kauce masa, wanda ya koma ba a kore shi, kowa yana da ɗan'uwa ɗaya da zai kira idan sha'awa ta taso.

Mu kuma jama'ar masallaci, hakki yana wuyanmu. Idan ya shigo sahu, kada mu matsa gefe, kada mu bi shi da raɗa. Wanda muka kunyata a masallaci, mashaya tana jiransa da maraba, kuma za a tambaye mu.

Allah ya karɓi tubanmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.