In Saukar Ta Ƙi, Ƙara Wuta

Duk mai sana'a a Unguwar Shanu ya san ƙugin nan. Kana durƙushe kana walda, ko kana kwance ƙarƙashin mota da sifana a hannu, sai ƙaramin jirgi ya ratsa ta sama ya nufi Mando, jim kaɗan ga shi ya sake ɓullowa. Ba shan iska yake yi ba. Ɗalibi ne na makarantar koyon tuƙin jirgi ta 401 ta Sojan Sama, malaminsa na zaune a gefensa, yana ta nanata darasi guda: ya tashi, ya zagayo, ya taɓa ƙasa, ya sake tashi.

Saukar ake nanatawa, don nan aikin yake. In jirgi ya kusanto titi, sai matuƙi ya rage wuta, ya riƙa ɗaga hancinsa sannu-sannu har tayoyin baya su fara taɓawa, ta gaba ta biyo. In ya ɗaga da wuri, gudu ya ƙare masa yana sama, sai ya faɗo tim. In ya makara, tayar gaba ce za ta fara dukan kwalta, ita kuwa ba a yi ta don wannan nauyi ba. Jirgi ya yi tsalle, ɗalibi ya firgita ya danna hanci ƙasa, jirgi ya sake tsallen da ya fi na farko, kafin ka ce kwabo ƙafar jirgin ta karye, farfela ta ci ƙasa. Ga iskar gefe mai ture jirgi daga kan titi, ga hazon hunturu da ke ɓoye titin sai an zo dab da shi.

Maganin da ake cusa wa ɗalibi tun kafin a bar shi ya tashi shi kaɗai bai da yawa. In ka ga saukar ba ta daidaita ba, ko jirgi ya yi mummunan tsalle, ƙara wuta, koma sama, sake zagayowa. Babu mai yi maka dariya. Wanda ake yi wa faɗa shi ne wanda ya ga abin ya karkace amma ya nace sai ya sauka, don kada a ce ya kasa.

Sararin Kaduna ya ga baƙin ciki, ba sau ɗaya ba. A watan Agustan 2017 jirgin koyo samfurin Air Beetle ya faɗi, ƙwararren malamin tuƙi ya rasu. Ranar 19 ga Afrilun 2022 wani jirgin koyo samfurin Super Mushshak ya faɗi a sansanin Sojan Sama, hafsoshi biyu suka riga mu gidan gaskiya. A Maris ɗin 2024 wani irinsa ya sami matsala yana dawowa daga atisaye, 'yan kilomitoci kafin filin jirgin, Allah Ya kuɓutar da matuƙan duka biyun. Ruwa kan ci gwani, balle ɗan koyo. Amma ba a rufe makarantar ba. Haka kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, har yau tana yaye matuƙa da injiniyoyi.

Ba taurin kai ne ya riƙe su ba. Duk haɗarin da ya faru sai an zauna an bi diddiginsa. A ɓangaren farar hula hukumar NSIB ce ke bincike ta wallafa rahoto, kuma ba mai laifi take farauta ba, sanadi take nema don kada a maimaita. Ko noti aka ɗaure a jikin jirgi, sai wanda ya ɗaure ya rubuta ya sa hannu.

To, 'yan'uwana, ku da ke fita tun sallar asuba, wannan darasin naku ne. Malam bakanike, injin da ka haɗa ya ƙi tashi, mai mota na tsaye a kanka yana huci? Kada ka lallaɓa ka miƙa masa makulli ya mace masa a hanyar Zariya. Ce masa, "Alhaji, yi haƙuri, zan sake buɗewa." Kunyar awa guda ce, sunanka kuwa na shekaru. Hajiya mai ɗinki, warware ki sake. Birkila, in layin bulo ya karkace, rushe shi tun siminti bai kama ba. Kai da jarinka ya karye bara, har kake jin nauyin bi ta bakin kasuwa, tashi ka karkaɗe rigarka, zauna ka gano inda kuɗin suka zurare, bashi ne ko kaya ne suka kwanta, sannan ka koma ko da tebur ɗaya ne.

Ku kuma iyayen gida, da ku nake musamman. Malamin tuƙi yana barin ɗalibi ya riƙe jirgin da kansa, hannunsa na kusa, ba ya karɓewa sai ya ga abin zai wuce gyara. Mu kuwa yaro ya shekara uku a gareji bai wuce wankin noti da sayo abinci ba, ranar da ya ɓata abu ɗaya a kai masa mari a kore shi. Ta yaya zai iya? Ba shi aikin, tsaya a kansa, in ya ɓata tambaye shi ta ina ta faro. Yaron da ya san ba za a dake shi ba, shi ne zai zo da bakinsa ya ce, "Oga, na manta ban ɗaure ba," tun motar ba ta bar gareji ba.

Kada kuma wani ya ce harkar jirgi ta fi ƙarfin ɗan unguwa. Air Beetle ɗin nan a Kaduna aka harhaɗa su, kusan guda 60, a shekarun 1990. Cibiyar AFIT ta Sojan Sama tana nan Mando, tana ɗaukar farar hula, tana koyar da injiniyancin jirgin sama. In kana da yaro ko yarinya mai kaifin lissafi da son kwance-kwance, kada ka yanke masa hukunci daga zaune. Hau Keke ku je tare, ku tambayi sharuɗɗan shiga, ku dawo ku fara tanadin kuɗin JAMB tun yanzu.