WANDA YA HANA TA CIN BASHIN RIBA, ME YA BA TA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya 'yan'uwa matasa, kowa a cikinmu ya san wanda yake fara tashi a zango. Tun kafin kiran assalatu, iyayenmu mata sun ɗora tukunyar wake da shinkafa, sun dama koko, sun fara tuya ƙosai. Daga Nima da Mamobi a Ankara har Aboabo a Kumasi, da wannan tukunya aka biya wa yawancinmu kuɗin makaranta. To, ranar da jarin ya karye, ina take zuwa?

Hanyoyinta sanannu ne. Akwai adashi, wanda mata suke zubawa, kowace ta ɗauka in kwananta ya zo. Akwai mai susu, wanda yake karɓar ajiya kullum, a ƙarshen wata ya cire zubin kwana ɗaya ladan aikinsa. Waɗannan suna tara abin da take da shi ne kawai. In ta nemi fiye da haka, sai ƙananan kamfanonin ba da rance, ko hukumar MASLOC da gwamnati ta kafa a 2006, kuma duka akwai ruwa a kan bashinsu. Ajiyar ma ba ta tsira ba: a watan Mayu na 2019 Babban Bankin Gana ya ƙwace lasisin irin waɗannan kamfanoni 347, bayan kuɗin talakawa da yawa sun maƙale a ciki.

Hukuncin riba a fili yake a ƙarshen Suratul Baƙara, babu mai jayayya da shi. Muna faɗa a wa'azi, kuma daidai ne mu faɗa. Amma ga tambayar da muke gudu: in mace ta ji wa'azinmu, ta ƙi bashin ruwa, tukunyarta ta mutu, 'ya'yanta suka bar makaranta, shin mu da muka hana ta mun fita daga hakki? A ganina ba mu fita ba. Ayoyin da suka haramta riba suna tsakanin ayoyin ciyarwa da ayar bashi. A nan aka yi umarni a saurara wa wanda ya shiga ƙunci, a nan kuma aya ta 282, mafi tsawo a Alƙur'ani, ta koyar da rubuta bashi da kafa shaidu. Wanda ya ɗauki hani ya bar sauran, rabin darasi ya karanta.

Wani zai ce ai mutane ba sa biyan bashi. Wani zai ce sidi yana faɗuwa, in na ba ta dubu yau, abin da za ta maido baɗi ba zai sayi abin da dubu take saya ba. Wannan magana tana da ƙarfi, domin a Disamba na 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 50 cikin ɗari. Sai dai asarar nan ita ce sadakar da ke cikin rance mai kyau, don haka aka yi masa alkawarin lada. Wanda kuma ba zai iya ɗaukar ta ba, shari'a ta buɗe masa wata ƙofa, wato ƙirali: kai ka kawo jari, ita ta yi aiki, ku raba ribar ciniki bisa kason da kuka yarda tun farko. In an yi asara ba da sakacinta ba, kai ka rasa kuɗi, ita ta rasa wahalarta. Ko kuma ka sayo mata buhun shinkafa ko injin ɗinki, ka sayar mata a kan farashi sananne, ta biya kaɗan-kaɗan, ba tare da ƙari in ta makara ba. Batun rashin biya kuwa, maganinsa takarda da shaidu, ko da tsakanin wa da ƙanwa ne.

Kada a ce mafarki ne. A Pakistan, Dakta Amjad Saqib ya kafa Akhuwat a 2001, tana ba talakawa rance babu ruwa, a cikin masallatai ake miƙa kuɗin, kuma har yau tana aiki. Mu ma muna da masallaci a kowane lungu, muna da magajiyoyi da suka san mai amana a cikin mata. A misali, matasa 50 in kowa ya zuba sidi 20 a wata, an sami sidi 1,000, jarin mai koko guda ke nan. Kuɗin yayi da muke kashewa a aure ɗaya ya fi haka. Masu fitar da zakka su ma su tuna cewa mabarta da bashi ya danne suna cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta lissafa.

Saura magana ɗaya mai ɗaci. Sau da yawa ba kasuwa ce take cinye jarin mace ba, mu ne. Miji ya bar mata cefane, ɗa ya karɓi kuɗin waya, ƙane ya ara bai maido ba. Dukiyar mace tata ce a Musulunci, ciyar da gida kuwa wajibin miji ne. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, 'yar kasuwa ce, kuma Manzon Allah ya kai mata kayanta Sham ya dawo da amana cikakkiya tun kafin aurensu. Saurayin da yake son koyi da shi, sai ya fara da biyan mahaifiyarsa abin da ya ara.

Allah ya sanya albarka a neman iyayenmu mata, ya tsare mu daga riba da cin amana. Amin.