Haƙurin da ke riƙe da shebur

Ɗan ƙanwata ya sauka gidana a Gusau da takardar sakamakon shekararsa ta farko a jami'a, a naɗe cikin aljihun riga, ya kwana uku bai fito da ita ba. Ran na huɗu bayan sallar isha'i ya miƙo mini, kansa a sunkuye. Kemistiri biyu a ƙasa, fiziks ɗaya a ƙasa, lissafi ya tsallake da ƙyar. Wannan yaro shi ne wanda dangi a Bagega suka fara kira likita tun bai gama sakandare ba. Burinsa ilimin harhaɗa magunguna, wato famasi. Makinsa na JAMB bai kai ba, aka ba shi wani kwas na kimiyya, ya karɓa da niyyar in ya ci shekarar farko da kyau ya nemi a mayar da shi can. Ga abin da shekarar ta haifa.

Na jira ya ce wani abu. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Kawu, ba ka da wani babba da ka sani a can?"

Na ce masa ya yi haƙuri. Ya ɗago ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya zo gaisuwar mutuwa, kuma da gaskiyarsa. Mun ɓata kalmar nan. Da ita muke sallamar wanda aka ci wa haƙƙi, da ita ake rufe bakin ma'aikacin da aka riƙe wa albashi, da ita ake cewa mutum ya zauna kada ya motsa. Yaron ya ji kamar na ce ya haƙura da famasi. Abin da nake nufi daban ne, kuma garinsu ya fi ni iya bayyana shi.

Kowa a Anka da Bukkuyum ya san abin da ya faru a 2010. Zinare ya yi tsada a duniya, mutane suka riƙa kwaso duwatsu daga ramuka suna kawowa cikin gida. Ana fasawa, ana niƙawa da injin niƙan hatsi, mata suna dakawa a turmi a tsakar gida, yara suna rarrafe a gefe. Dutsen kuwa cike yake da dalma. Agwagi suka fara mutuwa, ba wanda ya kula. Sai yara ƙanana suka shiga amai da jijjiga da shiɗewa, ana binne su ɗaya bayan ɗaya. Da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da maganin waɗannan, bai yi komai ba. A watan Maris na shekarar ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka ci karo da lamarin, gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Yara sama da 400 suka rasu. Ƙaramar na'urar gwajin da ake yawo da ita ƙauye-ƙauye ba ta karanta abin da ya wuce 65, kuma jinin yara da yawa ya wuce nan, sai dai ta nuna alamar ya yi sama kawai.

Akwai maganin da ke jawo dalma daga jini, sunansa succimer. Kafso ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ana buɗe shi a zuba wa yaro cikin abinci mai laushi. Amma likitocin suka kafe kan magana ɗaya wadda ta yi wa iyaye ɗaci: ba za a ɗora yaro kan magani yana komawa kwana cikin ƙurar da ta sa masa ciwon ba. Sai an kwashe ƙasar gidan tukuna. Aka share Dareta da Yargalma, aka bi da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru. Bagega, wadda ta fi su girma, aka bar ta tana jira saboda babu kuɗi, alhali an ƙiyasta yara wajen 1,500 a cikinta suna buƙatar magani.

Wannan jira na shekara kusan uku ba shi nake yabo ba, kuma duk wanda ya kira shi haƙuri ya zalunci mutanen garin. Alkawarin naira miliyan 850 da gwamnatin tarayya ta yi ya kwanta a Abuja har sai da aka yi ta hayaniya, MSF da Human Rights Watch suna magana, matasa irin su Hamzat Lawal suna bin sawun kuɗin a intanet da sunan a ceci Bagega. A ƙarshen Janairun 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin. Da kowa ya naɗe hannu yana cewa a yi haƙuri, da har yanzu ana jira.

Haƙurin da nake nufi ya fara ne ran da aka shiga gida na farko da fartanya da shebur da baro. Ana ɗora na'ura a kan ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke wurin. A kankare saman ƙasar, a zuba a buhu, a kai rami a binne, a kawo sabuwa mai tsabta a shimfiɗa, a sake aunawa. Ɗaki bayan ɗaki, zaure, madafa, gindin turmi, bakin rijiya. In na'ura ta ce da saura, a koma. Babu gidan da aka tsallake don mai shi yana da wani babba a Gusau, domin dalma ba ta san babba ba. A watan Afrilun 2013 aka fara ba yaran unguwannin da aka gama sharewa magani.

Na ce da ɗan ƙanwata, "Kai magani kake nema tun ba a kwashe ƙasa ba." Na ɗauko littafin kemistirinsa na buɗe wurin lissafin yawan sinadari a cikin ruwa, na ce ya yi mini tambaya ɗaya. Ya rubuta ƙa'idar daidai, harafi bai kuskure ba, don ya haddace ta. Da aka zo raba lamba mai ɗigo da wata mai ɗigo sai alƙalami ya tsaya. Na canza masa lambobin, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ashe ciwon ba a jami'a ya kamu da shi ba. Tun ajin farko na sakandare yake ɗauke da shi, yana rufewa da hadda, kuma hadda ta kai shi har ƙofar jami'a ta ajiye. Ya gaya mini bai taɓa riƙe kwalbar gwaji da hannunsa ba sai a can. A makarantarsu a allo ake zana ta, a faɗi launin da ruwan zai koma, su rubuta.

Kafin wannan dare yana da bayani uku kan faɗuwarsa: wani malami ba ya son 'yan ƙauye, ɗakin kwanansu ya cika hayaniya, kuma wata gwaggonsa ta ce hannu aka sa masa. Ban ce duk ƙarya ba ne. Amma sun yi kama da maganin sanƙarau da aka ba yaron da dalma ke ci. An ruwaito cewa a farkon annobar wasu ƙauyuka sun ɓoye yawan yaran da suka rasa don tsoron kada a hana haƙar zinare, kuma ban ga laifinsu sosai ba, abincinsu ke nan. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗalibin da ya faɗi yakan ɓoye takardarsa saboda irin wannan tsoro, kada a ƙwace masa sunan likita da aka riga aka ba shi, kuma kowane zango da ya ƙara a ɓoye ƙasa ce yake ƙara tarawa a ɗaki.

Akwai wani abu da ke sa ni taka-tsantsan kafin in kira ɗan wannan yanki malalaci. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa, kuma abin da ta lalata magani ba ya mayar da shi. Yaran da ke rarrafe a tsakar gidajen nan a 2010 su ne yau suka kai shekarun rubuta WAEC da JAMB. A ɗora musu rufe makarantu da aka yi ta yi saboda 'yan bindiga, musamman bayan sace 'yan matan Jangebe a 2021, da hanyar Anka zuwa Bagega da malami ke shakkar bi. In irin wannan yaro ya yi jinkirin fahimta, malaminsa da iyayensa su ma ana bin su bashin haƙuri, ba shi kaɗai ba.

To amma tausayi ba zai sassauta ma'aunin famasi ba, kuma ban so ya sassauta. Dubi succimer ɗin nan. Ana ba da shi ne gwargwadon nauyin yaro, miligiram 10 ga kowane kilo, sau uku a rana har kwana biyar, sannan sau biyu a rana har kwana goma sha huɗu. Wanda ke rikicewa da ɗigo a lissafi zai iya mayar da 10 ta zama 100, kuma uwar da ta miƙo hannu ta taga ba ta da hanyar ganewa. Shi ya sa ake neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi da kemistiri da fiziks da bayoloji, shi ya sa karatun ke cin shekara biyar ko shida, a bi da shekara guda ta koyon aiki a ƙarƙashin wani kafin hukumar masu harhaɗa magunguna ta ƙasa ta ba mutum cikakken lasisi. Da na samo masa babban da yake nema, da na cuci wata mata da ban sani ba.

Ƙofofin komawa suna nan, sai dai dukansu gajeru ne, sai an sunkuya. Mutum na iya sake rubuta JAMB ya fara daga aji ɗaya. Yana iya yin IJMB, shirin da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ya nemi shiga aji biyu kai tsaye in makinsa ya yi kyau ƙwarai, a Zariya ko Sakkwato ko Kano ko wani wuri. Wasu sukan ƙarasa digirin da suke ciki da sakamako mai kyau sannan su dawo su nema. Babu wadda ba ta cin shekara, kuma shekarar ce ke yi wa matashi ciwo fiye da karatun. Abokansa za su wuce shi. Wani sa'ansa da bai je ko'ina ba ya samu ramin zinare mai kyau ya sayi babur ya yi aure. Ga kuma hanyar da ta fi kowace sauƙi, a buɗe masa kemis a bakin kasuwa gobe, a ci gaba da kiransa likita ba tare da ya san abin da ke cikin kwalba ba. Wani kawunsa ya yi masa wannan tayi har da alkawarin jari.

Ya zaɓi IJMB. Kafin a fara ya yi wata uku a gidana da littafin lissafin ajin farko na sakandare, wanda ya aro wurin 'yata mai shekara goma sha biyu. Ita ke duba masa amsa. Ranar farko da ta ja masa jan biro ya bar abincin dare, na ji shi yana juyi a zaure har tsakar dare. Da asuba na tarar ya sake yin shafin. Ban taɓa ganin abin da ya fi wannan kama da mutum riƙe da shebur a ɗakin kwanansa ba. Ya daina cewa ya gane in bai gane ba, kuma wannan kaɗai ya ɗauke shi makonni, domin yaron da aka saba yabo "ban gane ba" ta fi dutse nauyi a bakinsa.

Likitocin Bagega sun san wani abu da ke karya zuciyar iyaye. Bayan an gama zagayen magani jini ya yi kyau, sai a dawo gwaji a ga dalmar ta sake hawa, saboda wadda ta ɓuya a ƙashi tana fitowa a hankali. Sai a sake wani zagaye, wani yaron sau da yawa. Abin da ya sa MSF ta shafe fiye da shekara goma sha ɗaya a kan aikin ke nan kafin ta miƙa shi ga hukumomin jiha a 2022. Ɗan ƙanwata ya samu shiga famasi shekara biyu bayan wancan dare, kuma a zangonsa na farko ya sake faɗuwa a darasi ɗaya, na lissafin awon magani. Wannan karon bai kwana da takardar ba. Ya kira ni daga bakin allon sanarwa, ana hayaniya a bayansa, ya ce, "Kawu, da saura." Ya tambaya ko littafin nan yana hannun ƙanwarsa har yanzu, in ba direba ya kawo masa.

Da hutun ƙarshen shekara ya je gida. Mahaifiyarsa ta kawo masa ledar magungunan da ta saya wa jikarta mai tari, ta ce likita ya duba. Ya juya kwalbar ya karanta bayanta, ya tambayi nauyin yarinyar. Ba wanda ya sani. Ya goya ta a bayansa suka nufi asibitin garin a auna ta.