Hazo tsakaninka da tsuntsu

Daga Disamba zuwa Fabrairu, fadamun Haɗeja da Nguru kan cika da baƙi. Agwagin da suka yi ƙyanƙyasa a Turai da Rasha sukan tsallako Sahara su sauka a tafkuna irin na Dagona a ƙasar Bade, su cakuɗa da 'yan gida, kirinjijiya da dinya da zalɓe. A daidai lokacin ne kuma iskar hunturu ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi ta baza a sama, har rana ta yi fari fat kamar faifai, a kalle ta ba a runtse ido ba. Mai ɗaukar hoto sai ya samu tsuntsaye ya rasa haske.

Tsuntsun da ke shawagi, sai an kama shi cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ko kusa da haka, in ba haka ba fukafukan su dagule. Wannan 'yar ƙyaftawar ba ta shigar da haske da yawa, ga shi hasken dama ya yi ƙaranci. In an ƙara wa kyamara ƙarfin jin haske, hoto ya fito da tsakuwa-tsakuwa. Balbela ma, duk farinta, kyamara takan mayar da ita ruwan toka idan ba a ƙara mata haske da hannu ba.

Yawancin masu farawa sukan ɗauka maganin yana kasuwa: a sayi dogon gilashin jawo nesa. Abin da ba su lura da shi ba shi ne gilashin ba ya jawo tsuntsu shi kaɗai, har ƙurar da ke tsakani yake jawowa. Kowane taku na nisa, wani mayafin hazo ne. Hoton da aka ɗauka daga tsallaken tafki, komai tsadar kayan, zai fito a dushe. Dole a kusanta, kuma tsuntsu ba ya yarda a kusance shi da tafiya. Sai dai mutum ya riga shi zuwa da asuba, ya sa tufa mai launin ƙasa, ya zauna a gindin ciyawa cikin sanyin nan mai tsaga leɓe, ya daina motsi har a manta da shi. Sannan tsuntsayen da kansu za su kiwato su iso gabansa. Haka sha'ani da mutane yake. Wanda ka tsaya daga nesa kana hange, rabin abin da kake gani ƙura ce.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu gajen haƙurin da kan tafa hannu ko su sa yara jifa don garke ya tashi su samu hoton fukafukai dubu. Hoton yana da kyau, ban musa ba. Amma tsuntsun nan kiwo yake yana tara kitsen da zai mayar da shi ƙetaren hamada idan Maris ya kama, kuma kowane firgici daga wannan kitsen ake cirewa. Ga wurin kiwon ma ya ragu: tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun ta ja baya, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Garken da aka kora daga wannan tafki ba lallai ya samu wani a kusa ba.