Samari Biyu na Hillsborough: Wa Ke da Ikon Cire Robar Abinci?

Ran 15 ga Afrilu, 1989, aka yi wani mummunan turmutsitsi a filin ƙwallo na Hillsborough da ke birnin Sheffield a Ingila, inda Liverpool ke karawa da Nottingham Forest. Cikin waɗanda aka kwasa zuwa asibiti akwai samari biyu, Tony Bland ɗan shekara 18 da Andrew Devine ɗan shekara 22. Dukkansu an matse musu ƙirji har iska ta yanke wa ƙwaƙwalwa, dukkansu kuma likitoci suka ce sun faɗa cikin irin suman nan da ba a sa ran farfaɗowa. Daga nan hanyarsu ta rabu, kuma a kan wannan rabuwa nake son mu yi nazari tare da mai karatu.

Bari mu fara da fayyace halin da ake magana a kai, don mu nan komai doguwar suma muke kiransa. Akwai wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu ɗungurungum, na'ura ce kawai ke hura masa huhu. Wannan an daɗe da yanke magana a kansa. Ko Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta a cire masa na'urar. Wanda muke magana a kansa daban yake. Shi da kansa yake numfashi, zuciyarsa na bugawa, yana barci yana farkawa, idonsa a buɗe, wani lokaci har ya yi nishi ko ya yamutsa fuska. Sai dai ba alamar ya san kansa ko ya san wanda ke gabansa. Abinci da ruwa ta roba ake ɗura masa. A 1972 wasu likitoci biyu, Bryan Jennett na Glasgow da Fred Plum na New York, suka raɗa wa wannan hali suna da Turanci, sunan da ke kamanta mutum da tsiro. Mu da sana'armu kalma ce ya kamata mu tsaya a nan kaɗan. Duk wanda ka riga ka kira tsiro, ai ka yanke rabin shari'arsa tun kafin a shiga kotu. Shi ya sa a 2010 wasu likitocin Turai suka nemi a sauya sunan zuwa wani mai ma'anar farken da ba amsa.

To, Tony Bland ya shekara kusan huɗu a kwance. Hotunan da aka ɗauka sun nuna ɓangaren ƙwaƙwalwarsa da ke tunani da ji da gani ya lalace sarai. Iyayensa da likitansa, Jim Howe, suka amince a bar shi ya tafi, amma aka gargaɗi likitan cewa in ya cire robar ana iya tuhumarsa da kisan kai. Magana ta yi ta hawa har gaban alƙalai biyar na majalisar dattawan Ingila, waɗanda a wancan zamani su ne kotun ƙoli. Ran 4 ga Fabrairu, 1993, suka ce ciyarwa ta roba magani ce kamar sauran magunguna, kuma ba dole likita ya ci gaba da maganin da ba ya amfanar majiyyaci. Aka daina ɗura masa abinci, ya rasu ran 3 ga Maris. Shi ne mutum na 96 da Hillsborough ta ci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da wannan hukunci shi ne, alƙalan da kansu ba su tashi da sakakkiyar zuciya ba. Ɗayansu, Lord Mustill, ya faɗa ƙarara cewa dokar da suke aiki da ita karkatacciya ce ta fuskar hankali da ta ɗa'a. Dalilinsa kuwa a fili yake: in likita ya yi wa Tony allura ya mutu cikin minti ɗaya, ya yi kisan kai; in ya hana shi abinci da ruwa ya mutu cikin kwana tara, bai yi laifi ba. Alhali niyyar ɗaya ce, sakamakon ma ɗaya ne.

Wasu daga nan sai su ce, to a halatta allurar mana, a huta da munafunci. Ni kuwa ta ɗaya gefen abin ya tura ni. Na yarda akwai bambanci na gaskiya tsakanin kashe mutum da ƙyale ajali ya yi aikinsa. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne sa abinci a layi ɗaya da magani. Magani yaƙar cuta yake yi; in aka janye shi, cutar ce ke kashewa. Abinci kuwa ni da kai ma in aka janye mana mutuwa za mu yi. Na san amsar da za a ba ni: rashin iya haɗiya ai shi ma cutar ce ta kawo shi, kuma robar nan likita ne ke zura ta, ba uwa da ludayi ba. Amsa ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Amma jariri ma bai iya ci da kansa, ba mu kuma taɓa kiran nono magani ba.

Akwai wata hanya da iyayen Karen Ann Quinlan suka bi a Amurka. 'Yarsu ta faɗi a 1975, suka je kotu a jihar New Jersey, a 1976 aka ba su izinin cire na'urar numfashi. Da aka cire sai ga ta tana numfashi da kanta. Ba su nemi a taɓa robar abinci ba. Ta ƙara shekara tara, har ciwon huhu ya ɗauke ta a 1985. Ni dai a nan hankalina ya fi kwanciya: a daina kokawa da mutuwa da manyan na'urori, in ta ƙwanƙwasa a buɗe mata, amma kada a tura mata goron gayyata.

Yanzu mu koma kan Andrew Devine. Iyayensa gida suka kai shi, suka ci gaba da jinya. A 1997 labari ya fito cewa ya fara ba da amsar e ko a'a ta hanyar taɓa wata 'yar na'ura mai ƙara. Kada mai karatu ya yi saurin cewa ashe da an bar Tony shi ma da ya farfaɗo. Raunin kowa daban, kuma ba likitan da ya duba Tony ya ga ƙofar dawowa. Abin da labarin Andrew ya nuna kawai shi ne ana kuskure wajen gane wannan hali. Wani bincike da aka buga a 1996 daga wani asibitin masu raunin ƙwaƙwalwa a Landan ya gano cewa cikin majiyyata 40 da aka kawo da wannan suna, 17 suna cikin hayyacinsu, makanta ko shanyewar jiki ce ta hana a gane. A 2006 kuma Adrian Owen da abokan aikinsa a Cambridge suka sa wata mata 'yar shekara 23 cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, suka ce ta ɗauka tana buga tanis, ƙwaƙwalwarta ta motsa daidai da ta masu lafiya. Idan shakka ta kai haka, kuma kuskure ɗaya ana iya gyara shi gobe, ɗayan ba a iyawa, ai an san gefen da ya kamata a jingina.

Duk da haka bakina bai iya zargin iyayen Tony Bland. Wanda bai taɓa juya babban mutum a kan gado duk bayan 'yan sa'o'i don kada bayansa ya yi gyambo ba, shekara da shekaru, ya sassauta murya. Su ne suka san ɗansu, mahaifinsa kuma ya shaida cewa Tony ba zai so a bar shi haka ba. Da Tony ya bar wannan magana da bakinsa, da nauyin ya ragu. Amma wane yaro ɗan shekara 18 ne ke barin wasiyya kafin ya tafi kallon ƙwallo? Tun 2018 ma a Ingila ba sai an je kotu ba, muddin iyali da likitoci sun daidaita.

Kuma kada mu yi wa Turawa kallon marasa imani. A wurinmu wannan tambaya ba ta cika isa gaban alƙali ko malami ba, aljihu ke yanke ta. Kuɗin gado ya ƙare, an sayar da gona, sai a ce a mai da shi gida a ci gaba da addu'a, kowa kuma ya san abin da ake nufi. Su aƙalla sun zauna sun kira abin da sunansa.

Andrew Devine ya rayu shekara 32 bayan turmutsitsin, a hannun danginsa da masu jinya. Ya rasu a watan Yuli na 2021 yana da shekara 55. Mai binciken musabbabin mutuwa ya ce raunin Hillsborough ne ya kashe shi, aka ƙara sunansa a jerin, adadin ya tashi daga 96 zuwa 97.